Lambatun Lungunmu: Daga Littafin Sakatare

Lahadi, 12 ga Janairu, 2025

Bayan sallar isha'i aka zauna a soron Mai Unguwa, mu goma sha tara, har da mutum biyu da suka shigo don sun ji ƙishin-ƙishin wai rabon wani abu za a yi. Magana ɗaya ce ta tara mu, lambatun lungunmu. Damina uku ke nan a jere ruwa na shiga gidajen gangare, kuma a watan Agustan bara katangar gidan marayun nan ta zube cikin dare, Allah ya taƙaita babu kowa a jikinta.

An kafa kwamiti na mutum bakwai. Ni aka liƙa wa sakatare, wai malamin firamare ne ni, na saba da biro. Mai Unguwa ya ce in riƙa rubuta komai da ranarsa da watansa, don kada gobe wani ya ce ba haka aka yi ba.

Lungun namu gangare ne. Ruwan unguwar sama ta cikinmu yake bi, ya shige kwalbatin bakin titi, ya faɗa babbar kwata, daga can sai rafin Jakara na birnin Kano. Da aka gina lambatun akwai kududdufi a bayan masallaci da ke shanye rabin ruwan. Aka cike shi da shara a hankali, aka yanka filaye, yau gidaje ne a kai. Shi ko ruwa bai manta hanyarsa ba.

Laraba, 22 ga Janairu

Sai da aka rubuta takardar koke sau uku. Ta farko samari ne suka tsara, rabinta gori ne da barazanar zaɓe mai zuwa. Liman ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To, yanzu roƙo kuka je yi ko faɗa?" Ta biyu kuma ta cika fadanci, har ba a gane abin da ake nema. Ta ukun ce ta tsaya: shafi ɗaya, tsawon lambatu, adadin gidajen da ruwa ke shiga, hotuna huɗu da aka ɗauka da waya a daminar bara, sai sa hannun magidanta 43.

Na ƙara layi ɗaya da kaina. Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya jera ayyukan ƙaramar hukuma, kuma gina magudanan ruwa da kula da su na ciki, tare da titunan unguwa, fitilun kan hanya, kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, maƙabartu da kwashe shara. Har ba da lasisin keke da amalanke da baro yana cikin jerin, abin da ya ba Ma'ajinmu dariya, don ya ce shekara talatin yana tuƙa keke ba wanda ya taɓa tambayarsa takarda. Na sa layin ne don a san ba alfarma muka je nema ba.

Mai Unguwa ya sa hannu, Dagaci ya buga hatimi.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Mun sammako gidan Kansila, ni da Shugaban kwamiti, duk da haka mutum takwas muka tarar a soro: mai takardar asibiti, mai neman a sa ɗansa a aikin wucin gadi, mai suna jibi. Yaro ne matashi, a gabanmu ya tashi. Yana cikin kansiloli 484 da aka zaɓa a jihar Kano ranar 26 ga Oktoban bara, tare da shugabannin ƙananan hukumomi 44, wata uku ke nan da 'yan kwanaki. Da ya ga Shugaba sai ya sauko daga kujera ya gaishe shi da "Baba", shi kuma Shugaba ya ce masa "Honorabul", kowa ya ba kowa girmansa.

Ya karanta takardar sau biyu, ya ce, "Baba, gaskiya kun makara." Kasafin kuɗin bana, in ji shi, tun ƙarshen bara aka tattara shi aka tura sama, kuma aikin da babu sunansa a ciki da wuya ya samu kuɗi a tsakiyar shekara. Abin da ya rage shi ne wani ɗan kaso da ake warewa don ƙananan gyare-gyare, wanda kowace mazaɓa ta zuba wa ido.

A hanyar dawowa na yi ta juya maganar. Mu da ruwa muke lissafi: ya ci mu a Agusta, mu yi jinya a Satumba, hunturu ya shigo mu manta, sai a Janairu mu farka. Su kuma ofis da kasafi suke lissafi, kuma lokacin da muke shanya katifu a rana, lokacin ne ya kamata takardarmu ta shiga. Ba wanda ya taɓa gaya mana haka, mu ma ba mu taɓa tambaya ba.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Na nemi izinin awa biyu a makaranta na tafi sakatariya. Ofishin karɓar takardu ɗan ɗaki ne, teburi biyu, fanka a tsaye babu wuta, fayil-fayil an ɗaɗɗaure da igiya an jibge har bakin taga. Akawun dattijo ne, tabaransa ɗaure da zare ta ɓangare ɗaya. Ya buɗe wani ƙaton littafi mai baƙin bango, ya lashi yatsa, ya bi layi har inda ya tsaya jiya, ya rubuta lambarmu da jan biro. Sannan ya ɗago ya ce, "Malam, ina kwafinka?" Ban zo da shi ba. Ya miƙo min takardar ya ce in tsallaka titi in yi hoto biyu. Da na dawo ya buga wa ɗaya tambari, ya sa kwanan wata, ya ba ni.

"Wannan ita ce shaidarka," in ji shi. "Kuma takarda ba ta da ƙafa. Daga nan tebur ɗin Ciyaman za ta je, ya rubuta a kai a tura sashen ayyuka, su je su gani su rubuto rahoto da ƙiyasin kuɗi, ta dawo. Duk inda ta kwana biyu, wata za ta hau kanta. Ka riƙa leƙowa."

Kafin in fita masinja ya raka ni bakin ƙofa yana ta yi min addu'a. Na gane karatun, na ba shi na shan ruwa. Ban sa shi cikin kuɗin kwamiti ba.

Talata, 11 ga Maris, 11 ga Ramadan

Shiru. Na leƙa sau biyu, fayil na kan tebur ɗin Ciyaman, Ciyaman kuma na wajen rabon kayan azumi.

Jiya bayan asham gardama ta kaure a teburin mai shayi. Wani ɗalibin Jami'ar Bayero ya ce ai yanzu ƙananan hukumomi ba su da uzuri, tunda ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura musu kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, ba ta asusun haɗaka da jihohi ba, ta kuma haramta a ɗora kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Ya ce ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan kashi 20.60 cikin ɗari suke da shi a rabon arzikin ƙasa, ina kuɗin? Ma'ajinmu ya ce hukunci daban, aiwatarwa daban, kuma kowa na jin rediyo, har yanzu ja-in-ja ake kan yadda za a yi.

Ni dai na faɗi abin da na sani daga gidana: albashinmu na malaman firamare daga kason ƙaramar hukuma ake cire shi, haka na ma'aikatanta da 'yan fansho, kafin a zo maganar siminti. Ban faɗa don in wanke kowa ba. Wani tsoho da ke gefe ya ce su a zamanin En'e duba-gari kaɗai ya isa, in ya shigo lungu da farar hularsa ya ga kwatarka ta toshe, ranar sai ka ga alƙali. Ya ce tun da Gwamna Abubakar Rimi ya hau a 1979 ya soke haraji da jangali, talaka ya huta, amma kuma ya daina tambayar ina kuɗinsa. Aka yi masa caa, ni kuwa ban ga ƙaryarsa duka ba.

Laraba, 9 ga Afrilu

Injiniya ya zo! Kan babur, shi da wani yaro mai riƙe masa tef. Awa ɗaya da rabi suka yi. Tsawon lambatun daga bayan masallaci zuwa bakin titi mita 186. Ya ce faɗin da ake da shi ba zai ɗauki ruwan yanzu ba, sai an ninka shi kusan biyu an ƙara zurfi.

Ya bar mana labari biyu marasa daɗi. Na ɗaya, kwalbatin bakin titi ba hurumin ƙaramar hukuma ba ne, domin titin na gwamnatin jiha ne, ba su da ikon fasa kwalta. Wannan takarda ce daban, ofishi daban. Cikin birnin Kano haka abin yake cakuɗe: ƙananan hukumomi takwas ne suka haɗu suka yi birnin, Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo, ga kuma hukumomin jiha irin su KNUPDA mai tsara birni da REMASAB mai kwashe shara, kowa da iyakarsa. Ruwan sama kaɗai ne bai san wannan iyakar ba.

Na biyu ya fi ciwo, don namu ne. Ya bi lungun da jan fenti yana sa alama: dakali goma sha ɗaya, matattakalar shago biyu, da sokawe biyu, duk a kan hanyar da sabon lambatu zai bi. Ya ce ko yau aka kawo kuɗi, ba zai sa diga ba sai an kawar da su. Alamar farko a dakalin Mai Unguwa ta faɗa. Ta bakwai a nawa.

Asabar, 26 ga Afrilu

Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli, muka yi gayyar yashe tsohon lambatu. Shebur tara, manjagara huɗu, baro uku na aro. Ledar fiya-wata ce ta fi komai yawa, ta cure da yashi ta zama kamar tabarma, sai an sare ta da diga. An ciro takalma marasa 'yan'uwa, tsohuwar katifa, kan fanka, da wani buhu da ba wanda ya yarda ya buɗe. Matan gidaje suka aiko da kunun tsamiya da ƙosai.

Kuskurenmu, ba mu nemi tifa tun kafin ranar ba. Dagwalon na nan jibge a bakin lungu yana wari. In aka yi ruwan farko kafin a kwashe, inda ya fito zai koma.

Alhamis, 15 ga Mayu

Kansila ya kira ni bayan la'asar, majalisa ta zauna, maganarmu ta shiga. Yadda ya ba ni labari, kowane kansila da tasa takardar ya zo: mai rijiyar burtsatse da ta lalace, mai rufin aji da iska ta yaye, mai katangar maƙabarta. Kuɗin kuwa ba zai yi ko rabin ɗaya daga cikin manyan ba. Aka yi ta jayayya, daga ƙarshe aka tsaya kan cewa duk unguwar da ta yarda ta kawo leburori da yashi da kanta, ita za a fara ba kayan aiki. Kansilan gafaka mai kula da ayyuka ya goyi bayanmu saboda rahoton Injiniya na cikin fayil da hotuna, wasu kuwa da baki kawai suka zo.

Ba kwangila za a bayar ba. Siminti buhu 60 cikin 150 da Injiniya ya ƙiyasta, rodi kaɗan na murafen ƙofar gidaje, tifa ta kwashe dagwalo, shi kuma Injiniya ya riƙa zuwa dubawa. Wato kamar mita saba'in na gangare, inda ruwa ya fi ɓarna. Samari sun ce raini ne. Ni kuwa da na tuna buhun siminti ya doshi naira dubu goma, sai na ce da babu gara ba daɗi. Abin da ban so ba shi ne yadda har yau ba mu ga rubutaccen abin da aka zartar ba, sai ta bakin Honorabul. Na roƙe shi kwafi, ya ce zai duba.

Litinin, 2 ga Yuni

Sati biyu ke nan muna fama da maganar dakali, kuma ta fi zirga-zirgar sakatariya cin rai. Kowa ya yarda a rushe, amma a fara da na maƙwabcinsa. Wanda ya fi tsauri shi ne Alhajin gidan kusurwa, wanda dakalinsa ya sha tayil, nan yake zama da baƙinsa tun kafin a haifi wasunmu. Ya ce mahaifinsa ne ya gina, kuma ruwa bai taɓa shiga gidansa ba. Gaskiya ne, gidansa a tudu yake. An tura masa Shugaba, an tura masa surukinsa, ya ce shi ba ya magana biyu. Wasu suka ce a kira duba-gari a kawo masa takardar gargaɗi. Mai Unguwa ya ce a'a, in hukuma ta shiga tsakanin maƙwabta, ta fita ta bar su da gaba.

Yau da hantsi sai ga Mai Unguwa ya fito da guduma a hannu, ya naɗe hannun riga, ya tsaya gaban nasa dakalin, wanda a kai yake sasanta rigingimun unguwa shekara da shekaru. Mutumin da ya haura saba'in. Ya ɗaga ya sauke sau uku, siminti ya tsage, gudumar na neman kuɓuce masa. Samari suka ruga, "Ranka ya daɗe, kawo, kawo!" Ya ce sai ya cire bulo ɗaya da hannunsa. Ya cire, ya ajiye a gefe, ya karkaɗe rigarsa, ya shige gida bai ce da kowa komai ba.

Kafin azahar an rushe shida, har da nawa. Maiɗakina ta leƙo ta ce yanzu a ina zan riƙa zama ina duba littattafan yara. Alhaji na zaune a nasa yana jan carbi, yana kallo. Bayan magariba ya aiko ƙaramin ɗansa wajen Liman: a bar shi ya yi Sallah a kai, ranar Juma'a ce, baƙi za su zo, bayan nan ya kira birkilansa ya cire tayil ɗin a hankali. Liman ya ce a gaya masa Allah ya yi albarka.

Masu sokawe biyun an ba su wata guda su mayar cikin gida. Ɗaya ba shi da hali, kwamiti zai taimaka masa da lebura.

Asabar, 21 ga Yuni

Siminti ya iso ranar Talata, buhu 60 cif, na ƙirga da kaina na sa hannu. Tifa kuwa sai da ruwa ya mayar da kusan rabin dagwalon sannan ta zo, muka sake yashewa. An fara haƙa daga gangare ana hawowa. Birkila biyu 'yan unguwa ne, sun rage kuɗin aikinsu. Karo-karon magidanta ya sayi yashi tifa biyu da tsakuwa ɗaya. Injiniya ya zo sau biyu, ya sa an fasa wani sashe da aka zuba kankare ba a daidaita gangarensa ba. Birkila ya ji haushi, amma da aka zuba bokitin ruwa aka ga ya tsaya cak a wurin, sai ya yi shiru.

Alhaji ya cika alkawari. Tayil ɗin na jere a soronsa.

Laraba, 16 ga Yuli

Daren jiya aka sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya, tun ƙarfe ɗaya har kusan asuba. Na fito da tocila da lema. A sabon sashen ruwa gudu yake, bai ko kai baki ba. Amma da ya isa kwalbatin bakin titi sai ya tarar da ƙofa ƙarama, ya taru, ya fara dawowa baya. Gida biyu na ƙarshe ruwa ya shiga tsakar gida zuwa idon sawu, bai shiga ɗaki ba. Bara gida tara ne, har gado. Gidan marayu ƙalau.

Da safe mai gidan ƙarshe ya tare ni, ya ce mun gyara wa na sama mun tara masa. Ban yi musu ba, don akwai gaskiya a ciki: da ruwan a lungu yake bazuwa, yanzu gaba ɗaya ƙofarsa yake isowa da ƙarfi. Mun jera masa buhunan yashi. Takardar kwalbati da muka kai ofishin jiha tun 5 ga Mayu, na je sau uku, an ce tana kan hanya.

Lahadi, 10 ga Agusta

An karanta lissafi a masallaci bayan la'asar. Magidanta 38 cikin 43 sun biya karo-karo, uku sun yi aikin ƙarfi a madadin kuɗi, biyu ba su ce komai ba, kuma Liman ya hana a kira suna. Mita 74 aka gama. Siminti ya ƙare, saura rabin buhu da ya sha iska ya daskare. Wani ya tambayi buhunan da babu komai ciki, Ma'aji ya ce suna nan 58, ɗaya yara sun yi wasa da shi. Aka yi dariya, amma na ji daɗin tambayar.

An kuma tsayar da doka: duk gidan da aka kama yana zuba shara a lambatu lokacin ruwa, za a kai sunansa wajen Mai Unguwa. A daren aka kama na farko, yarinya ce aka aiko da kwandon shara.

Talata, 2 ga Satumba

Na kai sabuwar takarda sakatariya, ta neman a sa ragowar mita 112 cikin kasafin 2026 da sunan lungunmu. Wannan karon da kwafi biyu na tafi, da hotunan sashen da aka gama, da lissafin abin da unguwa ta kashe. Akawun nan mai tabarau ya gane ni, ya ce, "Malam, bana ka zo da wuri." Ya buga tambari.

Honorabul ya ce za a kira taron jin ra'ayin mazaɓa kafin a rufe kasafi, zai sanar da mu rana. Kwafin abin da majalisa ta zartar a Mayu har yanzu bai zo ba, na sake tuna masa. Ranar Alhamis ni da Shugaba da mai gidan ƙarshe za mu koma ofishin jiha kan kwalbati. Mai Unguwa ya ce a biya ta wajen Hakimi a karɓi takardar rakiya tukuna, ya yi magana da shi, mu je ƙarfe tara.